DASHEN HAƘORI: ABIN DA KE SA DASASHI YA KAMA ƘARFE KO YA ƘI SHI

Duk manomin da ya taɓa kafa turke ko dirkar rumfa ya san inda itace yake fara lalacewa. Daidai wuyansa ne, inda ƙasa da iska da damshi suka haɗu. Nan gara take shiga, nan ruɓa take somawa. To, haka abin yake ga haƙorin da likitoci suke dasawa a baki. Wurin da ya fi ba su wahala shi ne inda ƙarfe ya huda dasashi ya fito.

A manyan birane yanzu akwai likitocin da suke yin wannan aiki, kuɗinsa kuwa ba na wasa ba ne. Mutum yana iya sayar da buhunan hatsi da yawa kafin ya biya haƙori guda. Domin haka muka ga ya kamata 'yan ƙungiyoyinmu su san yadda abin yake tafiya, kada wani ya zuba gumin shekara a kan abin da bai fahimta ba.

MENE NE DASHEN HAƘORI?

Wannan daban yake da haƙoran roba da ake cirewa da dare a wanke. Kashi uku ne. Na fari, ƙusa ce mai murɗi, kaurinta wajen milimita 4, tsawonta wajen santimita 1, wadda ake murɗawa cikin ƙashin muƙamuƙi ta zama saiwa. Na biyu, wuya, wanda ake ɗaurawa a kan ƙusar, shi ne yake ratsa dasashi. Na uku, kan haƙorin da ake gani, ake kuma tauna da shi.

Yawancin ƙusoshin na wani ƙarfe ne mai suna titaniyam. A shekarar 1952 wani likitan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, yana binciken yadda jini yake gudana cikin ƙashi. Ya sa ɗan madubi mai gidan titaniyam a ƙashin ƙafar zomo. Da ya gama ya zo cirewa, sai ya tarar ƙashi ya manne wa ƙarfen. A 1965 ya dasa wa wani mutum ƙusoshi a muƙamuƙi a birnin Gothenburg, suka yi masa aiki har rasuwarsa a 2006, fiye da shekara 40 ke nan. Bayan wani babban taron likitoci a Toronto ta ƙasar Kanada a 1982, aikin ya bazu ko'ina a duniya.

Zancen ƙashi ke nan. Amma baki ba kamar cikin cinya ba ne, inda ƙarfe zai zauna a rufe. A baki akwai ƙwayoyin cuta iri fiye da 700, ga yawu, ga guntun abinci. Abin da ya raba waɗannan duka da ƙashi ɗan nama ne kaɗan.

SHINGEN NAMA

Jikinmu an gina shi da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A dasashi iri biyu ne suka fi damunmu a wannan bayani. Akwai ƙwayoyin fata, waɗanda suke shimfiɗe a sama suna rufe nama. A ƙarƙashinsu akwai waɗanda za mu kira masaƙa, gama aikinsu shi ne saƙa zaruruwa masu ƙarfi da ake kira kolajin, waɗanda suke ba nama ƙwarinsa.

A haƙori na asali, zaruruwan nan suna fitowa daga dasashi su soki ɓawon saiwar haƙori kai tsaye, su nutse a ciki, kamar yadda saiwar gero take kama ƙasa. Ƙarfe kuwa ba shi da ɓawon da zare zai shiga. A 1991 Tord Berglundh da Jan Lindhe da abokan aikinsu a Gothenburg suka gwada a bakin karnuka, suka ga cewa a jikin titaniyam zaruruwan suna kwanciya ne a gefen ƙarfen, ba su shiga ba. Watau kamar igiyar da aka naɗa wa turke: ta rungume shi, amma ba ta zama jikinsa ba.

Sun auna shingen kuma. Ƙwayoyin fata sun manne wa ƙarfe na wajen milimita 2, a ƙarƙashinsu naman masaƙa ya riƙe milimita 1 zuwa 1 da rabi. Duka-duka bai wuce girman ƙwayar dawa guda ba. A 1996 suka nuna cewa idan dasashi ya yi siriri ƙwarai, ƙashi da kansa yakan ja baya domin ya ba shingen wuri. A 2007 kuma suka nuna cewa shingen yana bukatar mako 6 zuwa 8 kafin ya kammala.

Akwai wani rauni kuma. Tsakanin haƙorin asali da ƙashi akwai wata 'yar jijiya siririya mai ɗauke da hanyoyin jini. Dasasshen haƙori ba shi da ita. Saboda haka naman da ke kewaye da shi jininsa kaɗan ne, ya fi kama da tabo. Jini kuwa shi ne yake kawo abinci da masu yaƙi da cuta. Shinge ne mai rauni tun daga farko, shi ya sa masana suke ta neman dabarar ƙarfafa shi.

NAMA BA YA TAƁA ƘARFE

Abin mamaki shi ne ƙwayoyin nama ba sa taɓa titaniyam ɗin kansa. Da zarar wannan ƙarfe ya sha iska, nan take wata 'yar tsatsa siririya ƙwarai takan rufe shi. Ba irin tsatsar fartanya ba ce mai cin ƙarfe. Ita wannan kare shi take yi, ita ce kuma ta sa jiki ba ya ƙyamarsa.

Sa'ad da likita ya sa ƙarfen a baki, cikin 'yan daƙiƙu furotin na jini sukan zauna a kan wannan tsatsa. Ƙwayoyin nama da suka zo daga baya, furotin ɗin nan suke kamawa. In sun zauna da kyau, ƙwayar takan baje, ta kafa ƙafafunta, ta rabu biyu, ta hayayyafa. In ba su zauna da kyau ba, sai ta dunƙule ta kasa yin komai. Kowane manomi ya san wannan: iri ɗaya ne, amma gyaran ƙasa shi yake sa ya tsira ko ya ruɓe. Fuskar ƙarfe ita ce ƙasar da ake shuka nama a kai.

SANTSI DA KAUSHI

Ana auna kaushin ƙarfe da maikiron. Maikiron 1 shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Gashin kan mutum guda yakan kai wajen maikiron 70.

Ƙashi yana son kaushi matsakaici, tsakanin maikiron 1 da 2. Shi ya sa masu ƙera ƙusoshin suke fesa musu yashi na musamman da ƙarfin iska, sa'an nan su jiƙa su cikin asid, dangin ruwan batir, domin su yi ƙananan ramuka. Ƙashi yakan shiga ramukan ya kama da sauri.

Amma a wuya labari ya sha bamban. Ƙwayoyin fata da masaƙa sun fi bajewa a wuri mai santsi. Ƙwayoyin cuta kuwa kaushi suke so, gama a rami buroshi ba ya kai musu. A jami'ar Leuven ta ƙasar Beljiyam, Marc Quirynen da abokan aikinsa sun sa wa mutane wuyaye masu santsi da masu kaushi. A 1993 suka ba da rahoto cewa a ƙarƙashin dasashi, masu kaushin sun tara ƙwayoyin cuta har ninki 25. Daga baya suka gano iyaka: in kaushi ya sauko ƙasa da maikiron 0.2, ƙarin gogewa ba ya ƙara rage ƙwayoyin cuta. Har ma sun ga alamar cewa santsin da ya wuce kima yana hana nama samun abin riƙewa. Kowane mai yaɓe ya san bango mai sulɓi ƙwarai ba ya kama siminti.

Ƙusa ɗaya ke nan, amma fuska biyu take bukata: kaushi a ƙasa domin ƙashi, santsi daidai gwargwado a wuya domin dasashi.

KUNYOYI A KAN ƘARFE

Akwai wata matsala. Ƙwayoyin fata sun fi masaƙa saurin tafiya. In ba abin da ya tare su, sai su yi ta gangarawa jikin ƙarfe zuwa wajen ƙashi, su bar aljihu a baya inda datti zai taru.

A shekarun 1980, Donald Brunette da abokan aikinsa a birnin Vancouver na Kanada suka zana ƙananan layuka a kan titaniyam, suka zuba ƙwayoyi a kai. Sai suka ga ƙwayoyin sun miƙe sun jeru bisa layukan, suna tafiya ta inda layi ya nufa, kamar ruwan sama cikin kwarin kunya. Da suka gwada a jikin dabbobi, layukan da suka bi tsaye sun taimaki fata ta gangara, waɗanda aka gitta kuwa sun tare ta. Mu da muke koyar da yin kunya a gicciye a gonar da ke kan gangare domin hana zaizaya, wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu.

Daga wannan ilimi wani kamfanin Amurka mai suna BioHorizons ya yi amfani da hasken leza ya zana kunyoyi na maikiron 8 da 12 kewaye da wuyan ƙusa. A 2008 Myron Nevins da abokan aikinsa suka duba irin waɗannan ƙusoshi da aka ciro daga bakin mutane, suka ga zaruruwa sun fuskanci ƙarfen kai tsaye maimakon kwanciya a gefensa. Bai kai riƙon haƙorin asali ba, amma ya nuna cewa siffar fuskar ƙarfe tana iya juya halin nama.

IRE-IREN SHAFI DA AIKINSU

1. Kayan da aka yi wuyan da shi. A 1998 Ingemar Abrahamsson da abokan aikinsa a Gothenburg suka gwada wuyaye iri-iri a bakin karnuka. Nama ya kama titaniyam da wani irin tangaran mai tauri da ake kira alumina. Amma a jikin zinariya da tangaran ɗin da ake yin kan haƙori da shi, dasashi ya ja baya, ƙashi ma ya ragu. Tsadar abu ba ita ce amfaninsa ba. Yau ana yawan amfani da zakoniya, wani farin abu mai tauri. Nama yana kama shi kamar yadda yake kama titaniyam, ba ya kuma nuna duhu ta cikin dasashi mai siriri.

2. Kaurara tsatsa da lantarki. Akan tsoma titaniyam cikin ruwan magani a sa masa wuta, sai tsatsar nan mai kariya ta yi kauri. Launi yakan koma ruwan zinariya ko ja-ja mai kama da dasashi. Ta wannan hanya ana iya yin ƙananan ƙofofi waɗanda masaƙa suke kafa ƙafa a ciki.

3. Shafin titaniyam da naitirojin. Duk wanda ya ga bakin injin huda ƙarfe mai ruwan zinariya a wurin makaniki ya ga wannan shafi. Yana da tauri, ba ya karcewa da sauƙi sa'ad da ake kankare datti. A ɗakin gwaji masaƙa sun kama shi sosai, ƙwayoyin cutar da suka manne masa kuma sun ragu.

4. Shafin ma'adinin ƙashi. A shekarun 1980 aka soma fesa wa ƙusoshi irin ma'adinin da ƙashi da haƙori suke ɗauke da shi, mai kalsiyam da fosfat. Ƙashi ya kama shi da sauri. Amma shafin na lokacin mai kauri ne, mai kaushi, yakan kuma ɓantare. In dasashi ya ja baya ya bar shi a buɗe, sai ya zama gidan ƙwayoyin cuta. Takin da ya yi wa masara amfani ba lalle ya dace da gyaɗa ba.

5. Shafin furotin. Ƙwayoyin fata suna mannewa ne ta wurin wani furotin mai suna laminin, masaƙa kuwa suna son wani mai suna fibronektin. A 1984 masana biyu a Amurka, Pierschbacher da Ruoslahti, suka gano ɗan guntun da ƙwaya take kamawa a jikin fibronektin. Tun daga nan ake gwada shafa wa ƙarfe waɗannan abubuwa tun a masana'anta, kamar yadda muke zuba taki kafin shuka. A ɗakin gwaji ƙwayoyi sukan kama da sauri su yawaita. Wahalar ita ce furotin ba ya jure zafin da ake kashe ƙwayoyin cuta da shi, ba ya son doguwar ajiya, yawu kuma yana narkar da shi. Saboda haka yawancin wannan aiki a ɗakin gwaji da jikin dabbobi aka yi shi.

6. Shafin kashe ƙwayoyin cuta. An gwada azurfa da tutiya da tagulla. Suna kashe ƙwayoyin cuta, amma in sun yi yawa sukan kashe masaƙa ma. Wanda ya taɓa cika maganin ciyawa a tankin feshi ya ƙone gonarsa ya san wannan darasi.

7. Tsabtar fuskar ƙarfe. Titaniyam da aka ajiye ya daɗe yakan tara wani maiƙo daga iska wanda ido ba ya gani. In aka ɗiga masa ruwa sai ya dunƙule kamar a kan ganyen gwaza, jini ma haka. A 2009 Takahiro Ogawa da abokan aikinsa a Los Angeles suka nuna cewa haska masa wani irin haske mai ƙarfi, dangin wanda yake cikin hasken rana, yana kawar da maiƙon, ruwa ya baje, ƙwayoyi su fi kamawa.

TSEREN AMFANI DA CIYAWA

A 1987 wani likitan ƙashi a Amurka, Anthony Gristina, ya bayyana abin a matsayin tsere. Sabon ƙarfe a jiki kamar gonar da aka share ce a farkon damina. In ƙwayoyin nama suka riga suka rufe shi, ƙwayoyin cuta ba za su sami wurin zama ba. In kuwa ƙwayoyin cuta suka riga, sukan gina wa kansu wani rufi mai yauƙi wanda magani ba ya ratsawa da sauƙi. Wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi. Dukan shafe-shafen da muka lissafa, manufarsu ɗaya ce: a ba amfani dama ya riga ciyawa.

Sai dai mu lura da wani abu. Mun sha ganin irin da ya yi abin mamaki a filin gwaji, amma da ya zo gonar manomi ya gamu da fari da wuta-wuta, sai ya zama kamar saura. A ɗakin gwaji ƙwaya iri ɗaya ake renonta cikin faranti mai tsabta na 'yan kwanaki. A baki akwai tauna, da yawu, da tuwo, da goro, da shekaru masu yawa. Saboda haka in mai talla ya ce shafinsa yana sa nama girma ninki kaza, tambayar da ta dace ita ce: a faranti, ko a bakin mutane? Na shekara nawa?

IN SHINGE YA TSAGE

Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ciwon yakan soma da kumburin dasashi da fitar jini wajen goge baki. A wannan mataki ana iya warkar da shi da wanki mai kyau. In aka bar shi, sai ya gangara ya soma cin ƙashi, mugunya ta fito, sau da yawa kuma ba tare da zafi ba. Sa'ad da ƙashi ya ja baya, sashen nan mai kaushi da aka yi domin ƙashi yakan fito fili, ƙwayoyin cuta su cika ramukansa, wankinsa ya yi wuya ƙwarai.

A 2015 Jan Derks da Cristiano Tomasi suka tattara binciken da aka yi a ƙasashe dabam-dabam. Suka sami cewa cikin mutum 100 masu dasasshen haƙori, wajen 43 suna da kumburin dasashi, wajen 22 kuma ciwon ya kai ga ƙashi. A taron masana na duniya da aka yi a Shikago a 2017, aka amince cewa abubuwa uku ne suka fi jawo wannan ciwo: tsohon ciwon dasashi tun kafin dashe, rashin goge baki da kyau, da rashin komawa wurin likita a kai a kai. Duk ukun a hannun mai bakin suke. Ba shafin da zai yi wa mutum noman da bai yi ba.

SHAWARA GA 'YAN ƘUNGIYA

In wani ɗan'uwa yana tunanin yin dashe, ga abin da muke ba shi shawara:

Ya je wurin ƙwararren likitan haƙori mai rajista, wanda zai ɗauki hoton ƙashi kafin ya taɓa kome.

In dasashinsa yana jini ko haƙoransa suna girgiza, a warkar da wannan tukuna. Ba a shuka a gonar da ba a share ba.

Ya faɗa wa likita in yana da ciwon sukari ko yana shan taba, gama dukansu suna jinkirta warkewar nama.

Ya tambayi sunan kamfanin da ya ƙera ƙusar da lambarta, a rubuta masa ya adana. In wani sashi ya lalace bayan shekaru, da wannan takarda za a nemi irinsa.

Ya lissafa kuɗin mota da na dubawa na shekaru masu zuwa tare da kuɗin aikin. Wanda ba zai iya komawa ba, gara ya tambayi likita wata hanya mai sauƙi, kamar haƙoran da ake cirewa.

Kada a yi wa yaro dashe sai muƙamuƙinsa ya gama girma.

A makonni 8 na farko ya bi umarnin likita sau da ƙafa, gama lokacin ne shinge yake kafuwa.

Ga sauranmu kuwa, abin da ya fi shi ne mu riƙe haƙoran da muke da su. Shekara 60 ke nan masana suna ta fama domin su sa nama ya kama ƙarfe kamar yadda yake kama haƙori, har yau ba su cim ma wannan riƙo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2022 wajen mutum biliyan 1 ne suke fama da ciwon dasashi mai tsanani, wanda yake cikin manyan abubuwan da ke zubar da haƙoran manya. Goge baki safe da dare da buroshi da man goge baki, ko da asuwaki mai laushin baki, musamman daidai inda haƙori ya haɗu da dasashi, rage zaƙi, da barin taba, su ne maganin. Dasashin da yake jini ba abin rainawa ba ne, a kai shi asibiti tun haƙori bai fara girgiza ba. Rigakafi ya fi magani.

Muna roƙon sakatarorin ƙungiyoyi su karanta wannan bayani a taro na gaba, domin waɗanda ba su iya karatu ba su ma su amfana.